Gyara Kayanka Ba Ya Zama Sauke Mu Raba



Tun da na fara rubutu a kan zaman aure da halin da mata ke ciki a ƙasar Hausa, tambaya ɗaya ce matasa suka fi yi mini, wasu cikin ladabi, wasu cikin fushi: "Mama, wai ke ina kika dosa ne? Yau mu ji kina kare hijabi da aure da girman miji, gobe mu ji kina caccakar maza a kan saki da gado. Ki tsaya wuri ɗaya mana." Wuri ɗaya nake tsaye, kuma na daɗe a wurin. Ni mace ce mai ra'ayin mazan jiya: ina riƙe da addinina, ina ganin girman aure da iyali, ina ɗari-ɗari da duk canjin da aka zo da shi a guje. Ni ce kuma mai rajin kare haƙƙin mata, kuma ba na jin kunyar a kira ni da haka a gaban kowa. Zan faɗa muku dalili, domin na ga yadda ake matsa muku ku ɗauki ɗaya ku zubar da ɗaya, alhali duk wanda kuka zubar a cikinsu kun yi asara.

Ga yadda ake shimfiɗa muku zancen a wayoyinku. A gefe guda akwai masu gaya wa yarinya cewa duk matsalarta daga addini da al'ada ta taso, aure kurkuku ne, namiji azzalumi ne tun kafin a san sunansa, kuma ba za ta samu 'yanci ba sai ta yaye mayafi ta yaye kunya tare da shi. A ɗaya gefen akwai waɗanda da zarar mace ta ce "an zalunce ni" sai su ce 'yar koren Turawa ce, 'yar boko aƙida ce, so take ta rusa gidajen Musulmi. Kowannensu da ɗan'uwansa yake samun kasuwa. Na farko ya nuna zaluncin na biyu ya ce kun ga addininsu. Na biyu ya nuna rashin kunyar na farko ya ce kun ga haƙƙin matan da ake faɗa. Ita kuwa yarinya 'yar shekara 18 mai tsoron Ubangijinta, wadda kuma take ganin hawayen mahaifiyarta safe da yamma, ta rasa inda za ta sa kanta. Dominta nake wannan rubutu, ita da ɗan'uwanta da zai zama mijin wata gobe.

Bari in fara da abin da nake riƙe da shi.

Ina riƙe da iyali saboda na ga abin da yake yi wa mace a ƙasar da hukuma ba ta ɗaukar nauyin kowa. Ku dubi mai jego a gidajenmu. Ranar da ta sauka, kafin la'asar gida ya cika. Gwaggo ta ɗora tukunyar ruwan wanka, inna tana dama kunun kanwa, kaka ta karɓi jariri, maƙwabciya ta kwashe manyan yaran ta tafi da su gidanta. Har a yi arba'in ba za ta ɗaga ko tsinke ba. Ba wanda ya biya matan nan, ba wanda ya aika musu takarda. Haka ake yi in mijinta ya rasu, haka ake yi in tsufa ya kama ta. A ƙasashe masu arziki kuɗi ake biyan baƙo ya yi abin da zumunci ke yi mana kyauta. Duk wanda zai ce in rushe wannan, sai ya fara nuna mini abin da zai ajiye a gurbinsa.

Ina riƙe da shari'ar da ta ce dukiyar mace tata ce. Sadakinta nata ne, uba ba shi da iko da shi, balle miji. Tunkiyar da ta kiwata, kuɗin adashinta, ribar man gyaɗa da ƙuli-ƙulin da take yi a tsakar gida, ba mai taɓawa sai da yardarta. Kakanninmu da ba su taɓa shiga aji ba sun san wannan sarai: maigida yakan ranci kuɗi a hannun matarsa ya biya, yakan sayi fura a wurinta kamar kowa. A Ingila sai a 1882 doka ta ba matar aure cikakken ikon mallakar dukiyarta daban da ta mijinta. Mu tun fiye da shekara 1,400 aka ba mu wannan.

Ina riƙe da kunya da sutura, ga mace da namiji duka. Ban yarda cewa matar da ta zaɓi zaman gida don renon 'ya'yanta ta gaza wadda ke zuwa ofis ba. Reno aiki ne, kuma duk ofishin da kuka sani wanda aka rena ne ke zaune a cikinsa. Na kuma yarda miji shugaba ne a gidansa, shugabancin da aka ɗaure shi da ci da sha da sutura da muhalli da kyakkyawan zama.

To, wannan riƙon ne da kansa ya hana ni yin shiru. Wanda ya gaskata shari'a, dole ransa ya ɓaci in ya ga ana tattaka ta da sunanta.

Ku zo mu tsaya a ƙofar wani gida, a duk unguwar da kuka zaɓa, a Kano ne ko Gusau ko Maraɗi. An yi cacar baki da safe a kan kuɗin cefane. Maigida ya yagi takarda daga littafin makarantar ɗansa, ya rubuta layi biyu, ya ba almajirin gidan ya miƙa mata. Kafin magariba akori-kura ta tsaya a ƙofar gida, ana loda gado da katifa da kwanukan da mahaifinta ya ci bashi ya saya mata. Maƙwabta na leƙe ta kan katanga. Goyon da ke bayanta an ce ta tafi da shi, in ta yaye shi ta maido. Manyan ukun an raba su tsakanin ɗakin kishiya da na kakarsu ta wajen uba. Daga ranar ko ƙwayar hatsi ba za ta biyo ta ba. Da ta isa gidansu, abin da za ta fara ji shi ne: "Me kika yi masa?"

Yanzu ku buɗe littafi. Farkon Suratuɗ Ɗalaƙ ya hana a fitar da matar da aka saka daga ɗakinta. A nan za ta yi idda, kuma in sakin na kome ne, ci da shanta suna kan mijin, ko Allah zai sa zukata su huce a koma. Risala, wadda malamanmu ke biya wa ɗalibai a zaure, ta ce bayan rabuwa uwa ce ke da haƙƙin riƙon 'ya'ya, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, uba kuma shi ke ciyarwa. In uwar ta auri wani bare, riƙon ya koma hannun mahaifiyarta kafin a zo kan dangin uba. Ke nan duk abin da ya faru a ƙofar gidan can, tun daga korar har ƙwace 'ya'yan, saɓa wa littattafanmu ne. Sai ku gaya mini wane ne ɗan mazan jiya na gaskiya: mai kare abin da aka yi a ƙofar gidan, ko mai cewa a koma ga abin da ke cikin littafi?

Haka zancen gado. 'Ya'yana mata sukan tambaye ni, me ya sa namiji ke ɗaukar kaso biyu mace ɗaya? Ba na kwana-kwana a kan wannan. Hukuncin Allah ne a Suratun Nisa'i, na karɓe shi, kuma na ga hikimarsa: an ninka wa namiji rabo ne tare da ɗora masa sadaki da ciyar da iyali da kula da 'yan'uwansa mata in sun rasa mai kula da su, ita kuwa nata rabon ba a ɗora mata ciyar da kowa da shi ba. Rigimata tana ga wanda ya karɓi kaso biyun, ya sauke nauyin da aka ɗaura masa, sannan ya haɗa da kaso ɗayan nata ya cinye. Kun san yadda ake yi. Uba ya rasu ya bar gida da gona, yayye maza su ce ba za a raba ba don kada gida ya watse. A ce wa mata, "Ku bar wa 'yan'uwanku, ai gidanku ne in aure ya mutu." Shekara ashirin ana noma gonar ba a kai mata ko tiya ɗaya ba, matar mamaci ko tumuninta ba ta gani ba. Ranar da ta buɗe baki, sai a ce ta raba zumunci saboda abin duniya.

A nan ne ake kawo haƙuri. Ni mai son haƙuri ce, kuma ban san auren da ya daɗe ba tare da shi ba. Amma haƙurin da kullum mutum ɗaya ake ba, wanda ake ba mai kumburarriyar fuska a mayar da ita ɗakin wanda ya kumbura ta ba tare da an ce masa uffan ba, wannan taimakon azzalumi ne. Nana A'isha ta ba da shaida cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace da hannunsa ba. Khaula 'yar Sa'alaba ta kai kukan abin da mijinta ya yi mata, ta yi ta maimaitawa, har aka saukar da sura guda da ake kira Mujadala, wato mai jayayya. Matar Sabit ɗan Ƙais ta ce ba za ta iya zama da shi ba, ba don ta ga aibi a addininsa ba. Aka ce ta mayar masa da gonar da ya ba ta sadaki, aka raba su. Barira kuwa, bayan ta rabu da mijinta, Manzon Allah da kansa ya nema masa alfarma ta koma. Da ta tabbatar ba umarni ba ne, ceto ne kawai, ta ce ba ta so, ba a kuma tilasta ta ba. Malaman Malikiyya sun ba alƙali ikon raba aure in cutarwa ta tabbata. Waɗannan duk namu ne, ba wanda ya kawo mana su a jirgi.

Sai karatu. Mutum zai kai matarsa asibiti tana naƙuda ya rantse namiji ba zai duba ta ba, sai likita mace. Na fahimci kishinsa, ni ma mace nake so ta duba ni. Amma likita mace 'yar wani ce. Wani uba ne ya bar ta ta gama sakandare, ya bar ta ta yi shekara shida a jami'a, wani miji ne kuma ya bar ta ta fito aikin dare. Wanda ya cire 'yarsa daga aji biyu ya ɗora mata tiren talla don a tara kuɗin kayan ɗaki, daga ina yake so likitar ta fito? Gasar kayan ɗakin nan da ke jefa 'yan mata tasha da bakin kasuwa har dare, wace aya ce ta yi umarni da ita? Duk wanda ke ganin ina zuzuta zance, ya je asibitin masu yoyon fitsari na Babbar Ruga a Katsina, ya ga ƙananan matan da doguwar naƙuda ta lalata wa jiki saboda ba a kai su asibiti da wuri ba, da yawansu kuma mazan sun sake su saboda larurar.

Idan an ce muku wannan magana baƙuwa ce, ku tambayi tarihin ƙasarku. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana barin mata su halarci wa'azinsa, a gefensu daban. Ƙanensa Abdullahi ya ba da labari a cikin Tazyinul Waraƙati cewa a Daura wani malamin Barno mai suna Mustafa Gwani ya nemi Shehu ya hana su zuwa. Shehu ya sa Abdullahi ya ba shi amsa, amsar kuwa ita ce barin mata cikin jahilci ya fi muni. A cikin Nurul Albabi Shehu ya yi kaca-kaca da malaman da ke karantar da ɗalibai a waje, su bar matansu da 'ya'yansu mata a cikin gida ba su san ko hukuncin sallarsu ba.

A gidan nan na Shehu aka haifi 'yarsa Nana Asma'u, wajen 1793. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Matar aure ce, matar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, uwa ce, ba ta kuma taɓa fita daga da'irar addininta ba. Da ta ga matan ƙauyuka ba su da hanyar ilimi, sai ta kafa tsarin 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali da riƙon amana ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa ta naɗe da jan rawani. Jaji ta tattaro tsofaffin mata da 'yan matan da ba su yi aure ba, su tako da ƙafa daga ƙauyukansu har wurin Nana, su haddace darasi cikin waƙa, su koma su shiga gida-gida su koyar da matan auren da ba sa iya fita. Ku lura da dabarar. Ba ta tsaya yaƙi da kulle ba, ba ta kuma bar kulle ya hana mata ilimi ba. Ta rasu a 1864, 'yar'uwarta Maryam ta ci gaba, kuma har yau ba a rasa masu bin wannan hanya ba a ƙasar Sakkwato.

Bayanta ma layin bai yanke ba, ko da yake kowa da salonta. Hajiya Gambo Sawaba ta bi ta hanyar jam'iyyar NEPU, ta sha duka ta sha ɗauri a kan mata su samu ƙuri'a. Ni ba irin zafinta gare ni ba, amma ina sane da cewa matan Arewa ba su samu damar zaɓe ba sai a 1976, bayan 'yan'uwansu na Kudu da shekaru, kuma duk ranar da na dangwala yatsa a takardar zaɓe akwai guminta a ciki. Hajiya Laila Dogonyaro da abokan aikinta a Jam'iyyar Matan Arewa sun bi ta lallama da kusantar manya. A 1985 aka kafa ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN a Minna, Hajiya A'isha Lemu ta zama Amira ta farko, ƙungiyar ta buɗe makarantu da asibitoci a jihohi da dama. Cikin waɗanda aka yi wannan tafiya da su akwai Hajiya Bilkisu Yusuf, wadda ta riƙe editan jaridar New Nigerian da lulluɓinta, ta rasu a turmutsutsun Mina a aikin Hajjin 2015. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta an yi mata aure ba ta wuce shekara 13 ba. Ta koma ajin yaƙi da jahilci da girmanta, ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila?, ta nuna wa maza fuskarsu da Hausar da kowa ke ji. A Disambar 2017 aka hana Firdausi Amasa shiga zauren rantsar da lauyoyi a Abuja saboda ta ƙi cire hijabinta. Ta tsaya kai da fata, a 2018 aka rantsar da ita da hijabin a kanta. Wannan yarinya ta ƙi yarda a sa ta zaɓi tsakanin aikin lauya da suturarta, kuma abin da nake roƙonku ke nan.

Yanzu ga ra'ayina na siyasa a fili. Ina son doka ta kare mata, amma dokar da mutane ba su ga kansu a cikinta ba, a takarda take mutuwa. A watan Maris na 2016 Majalisar Dattawan Najeriya ta yi watsi da ƙudurin daidaita dama tsakanin maza da mata da Sanata Biodun Olujimi ta kawo. Akwai alheri a cikinsa, kamar kare matan da mazansu suka rasu da ba 'ya mace damar karatu, amma an cuɗa shi da batun daidaita rabon gado, wanda Musulmi ba zai karɓa ba. Laifin masu kawo shi, ba su zauna da malamai da iyaye sun tace shi ba. Laifin masu ƙin sa ya fi girma a wurina, domin da suka ture shi sai suka kakkaɓe riga suka tafi gida, ba su kawo nasu da ya dace da shari'a ba, matar da aka kora da akori-kura kuma tana nan inda take. A Nijar ma yunƙurin kafa dokar iyali ya sha cin tura tun shekarun 1990 a kan irin wannan rashin yarda.

Ku dubi Maroko, ƙasar Malikiyya kamarmu. A watan Maris na 2000 an yi manyan jerin gwano guda biyu a rana ɗaya, masu goyon bayan gyaran dokar iyali a Rabat, masu adawa a Kasablanka, da mata maƙil a kowane ɓangare. Sarki Muhammadu na Shida ya kafa kwamiti mai malamai da alƙalai da mata, aka nemo wa gyare-gyaren hujja daga cikin addini, ya kuma bayyana cewa ba zai halatta abin da Allah Ya haramta ba, ba zai haramta abin da Ya halatta ba. A 2004 dokar ta fito: saki ya koma ƙarƙashin kulawar kotu, ƙarin aure sai da izinin alƙali, shekarun aure suka zama 18 sai in alƙali ya ga dalili, rabon gado kuma aka bar shi yadda Alƙur'ani ya yanka. Ba cewa nake mu kwafo dokarsu ba, hanyar nake nuna muku. Gyaran da zai zauna shi ne wanda ya bi ta zauren malam da fadar hakimi da Islamiyyar matan aure da kotun alƙali, da harshen da mutane suka amince da shi. Ya fi jinkiri, amma ba a wayar gari a tumɓuke shi. Hausawa sun gama magana da suka ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Wanda ya tsaya a nan, ya shirya shan suka daga hagu da dama. Wasu za su ce kin sayar da mata saboda kin ce miji shugaba ne. Wasu za su ce kin sayar da addini saboda kin ce shugaba ma ana tambayarsa. Kada wannan ya girgiza ku. Ku auna kowace magana da tambaya biyu: Allah Ya yarda da ita? Ta ɗauke zalunci daga kan wani, ko ta ƙara masa? Abin da ya tsallake duka biyun ku riƙe shi, ko daga bakin wa ya fito.

'Yata, kafin ki san adadin akwatunan lefenki, ki san babin aure da saki da idda da riƙon 'ya'ya da gado. Ki zauna gaban malama ki karanta su baƙi da fassara, domin wadda ta san haƙƙinta daga littafi ba a rufe mata baki da "haka addini ya ce". Ki riƙe karatu, ki riƙe sana'a ko da a tsakar gida ne. In kina so ki ci gaba da makaranta ko aiki bayan aure, a yi maganar a gaban waliyyai kafin a shafa fatiha, a rubuta, kada a bar ta a alkawarin zance. Ki sauke haƙƙin da ke kanki yadda kike so a sauke naki. Ki tsare harshenki: kada ki raina rayuwar mahaifiyarki don ba ta yi boko ba, da adashinta aka biya miki kuɗin jarrabawa, kada kuma ki yi wa maza kuɗin goro, a cikinsu akwai mahaifinki da ɗan da za ki haifa. In an cuce ki, ki faɗa, ki bi matakai: iyaye, waliyyi, malamin da ake jin maganarsa, sannan alƙali. Zuwa kotu neman haƙƙi ba rashin tarbiyya ba ne. Sannan ki tuna, ba duk kukan mace namiji ke sa ta ba. Sau da yawa uwar miji ce ke cewa a sake ta, dangin miji mata ne ke zuga, kishiya ce ke azabtar da 'ya'yan wadda ta fita. Muna cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ranar da kika zama uwar miji ko kika riƙi ɗan wata, ranar za a ga ko da gaske kike.

Ɗana, kai ma da kai nake. Ba na ɗaukar ka abokin gaba. Babu wata Nana Asma'u sai da uban da ya zaunar da ita ya karantar da ita, da mijin da bai ji tsoron iliminta ba. Ina jin yadda jininka ke tafasa in an taɓa addini, kuma na ji daɗin haka. To, kishin addini a gida yake farawa. Kada ka ƙara aure alhali ta farko tana rancen garin tuwo a maƙwabta. An halatta maka ƙari, amma da sharaɗin adalci aka halatta. Kada ka ɗaga hannu a kan 'yar mutane. Kada ka yi saki cikin fushi, in kuma rabuwa ta zama dole, ka bar ta ta yi idda a ɗakinta, ka bar mata 'ya'yanta, ka aika da abincinsu da kuɗin makarantarsu ba sai an kai ka ƙara ba. Ranar da mahaifinku ya kwanta dama, kai ne za ka fara cewa a kira malamin gado a fitar wa mata nasu, tun ba su tambaya ba. In abokinka ya zo majalisa yana fariyar ya mari matarsa, kada ka yi dariya. Ka gaya masa ya ji tsoron Allah, ko da majalisar za ta watse.

Abin da ake nema a wurinku ba ya buƙatar izinin majalisa ko kuɗin wata ƙungiya. A gidanku akwai ƙanwar da ake shirin cirewa daga makaranta, ko gwaggon da ba a ba ta gadonta ba, ko bazawarar da aka raba da 'ya'yanta. Ku fara da ita, da ilimi da ladabi da tsayuwa. Allah Ya ba ku ilimi mai amfani da zuciyar aiki da shi, Ya haɗa ku da abokan zama masu tsoronSa, Ya tsare ku daga yin zalunci, Ya tsare ku daga a zalunce ku.